Waƙoƙin Kirsimeti a Ɗakin Majinyaci

Idan Disamba ta yi nisa, zumuntar matasa a majami'un ECWA da COCIN na Jos kan bi gida-gida da yamma, suna rera waƙoƙin Kirsimeti ga tsofaffi da majinyatan da ba sa iya zuwa sujada. Ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar wata da watanni, wataƙila ranar ce kaɗai ɗakinsa ke cika da mutane.

Sai dai hunturu ne, mura ta yi yawa. Murar da saurayi zai warke cikin mako guda tana iya komawa ciwon huhu a ƙirjin ɗan shekara 75. Mai tari ya tsaya a tsakar gida ya yi waƙarsa, Baba zai ji.

Tsaraba ma a duba ta. Lemon kwalba da cincin ba alheri ba ne ga mai ciwon suga. Dafaffen ƙwai ko gyaɗa sun fi.

Abin da ya fi damuna shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci. Duk wanda ya gani ya buɗe taga, ya fitar da kaskon.

Kafin sallama, shugaban tawaga ya tambayi mai jinya: maganin hawan jinin Mama zai kai sabuwar shekara? Ranakun 25 da 26 hutu ne, kantunan magani da dama a rufe suke.