Kafin Shaidun Yaƙin Basasa Su Ƙare

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Sai dai akwai waiwayen da mu 'yan boko na Arewa muke gudu, wato na abin da ya faru tsakanin 1966 da 1970. Mun haddace kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa ranar 15 ga Janairun 1966, amma da an zo kan abin da ya biyo baya, sai bakinmu ya yi nauyi.

A Kano, ranar 1 ga Oktoban 1966, sojojin da suka yi bore sun buɗe wa Inyamurai wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa, kisan ya bazu har Sabon Gari. A can Gabas ma an kashe 'yan Arewa, aka koro sauran. Ranar 7 ga Oktoban 1967 kuma, sojojin tarayya na runduna ta biyu suka tara mazan garin Asaba suka harbe ɗaruruwa. Har yau ana jayayya ko wannan ya kai a kira shi kisan ƙare dangi. Wanda aka kashe wa uba a gabansa, ba sunan ne ya dame shi ba.

Mai karatu, shaidun wannan zamani suna nan kusa da mu. Duk wanda ya san Kura da Bunkure da Kadawa ya san dattawan da ke zama a bakin kwalbati suna kallon ruwan Tiga na ratsa fadamun shinkafa. Wanda yake ɗan shekara 15 a 1966 yau ya haura saba'in. Na sha zama da irinsu. A cikinsu akwai wanda ya ɗauki bindiga ya tafi Gabas, akwai wanda ya dawo daga can da rigar jikinsa kaɗai, akwai kuma wanda mahaifinsa ya ɓoye maƙwabci a rumbu. Ba sa fara zancen sai an tambaye su, mu kuwa ba ma tambaya.

Wasu al'ummu sun riga mu gane darajar wannan. Gidauniyar Shoah, da aka kafa a Amurka a 1994, ta naɗi shaidar mutum sama da 50,000 kan kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Ruwanda, bayan kisan 1994, ta zaunar da wanda ya kashe da wanda ya tsira a kotunan gargajiya na Gacaca har zuwa 2012. A nan gida ma, mutanen Asaba sun kai kukansu gaban Kwamitin Oputa a 2001.

Za a ce tone-tone na tayar da fitina. Ni dai a ganina shirun ne ya fi haɗari, domin yaron da bai ji daga bakin kakansa ba zai ji daga bakin mai neman tunzura shi a intanet. A kasuwar Kwanar Gafan ana loda tumatir zuwa Kudu, jikokin waɗanda suka yaƙi juna suna ciniki, kowa bai san ciwon da ɗan'uwansa ya gada ba.

Don haka ina kira ga Jami'ar Bayero da Gidan Mambayya da Gidan Arewa na Kaduna da su tura ɗalibai ƙauyukan nan, su naɗi muryoyin dattawa da harshensu, a haɗa da na Asaba da Inugu, a adana. Sauraro ba amsa laifi ba ne, hakki ne na mamatan kowane ɓangare. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kare mu daga maimaici.