Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Buga Kiɗa 16 a Lokaci Ɗaya

Ɗora tafukanka a kan gwiwa. Hannun dama ya buga sau uku, na hagu sau biyu, su tashi tare su kuma dawo tare. Makaɗan Ewe na Ghana sun daɗe da ƙwarewa a irin wannan kiɗa mai saɓani, amma wanda bai saba ba, nan da nan hannu ɗaya zai janye ɗaya. To ina ga biyar a kan bakwai, ko tara a kan goma sha ɗaya?

Wannan matsala ce ta dami Henry Cowell, wani mai tsara kiɗa ɗan Amurka. A littafinsa na 1930, New Musical Resources, ya zayyana kaɗe-kaɗen da hannun ɗan Adam ba zai iya bugawa daidai ba. Sai ya nemi Leon Theremin, injiniya ɗan Rasha da ke zaune a New York, ya ƙera masa na'urar da za ta iya. Suka sa mata suna Rhythmicon, aka nuna ta a bainar jama'a a watan Janairun 1932. Ita ake ɗauka a matsayin na'urar lantarki ta farko mai buga kiɗa da kanta.

Cikinta abin sha'awa ne ƙwarai. Faifai biyu ne masu juyawa, an huda su layi-layi a zagaye, da fitilu a gefe guda, da idon lantarki mai gane haske a ɗaya gefen. In ka danna maɓalli, fitilarsa ta kama, hasken ya ratsa ta hudojin, duk ƙyallin da ya isa idon nan sai ya zama sauti. Faifai ɗaya na gudu da sauri, shi ke ba da amo. Ɗayan na tafiya a hankali, shi ke yanka amon ya zama bugu. Maɓallai 17 ne. Na farko bugu ɗaya yake yi a zagaye, na biyu biyu, haka har na 16, shi kuwa na 17 yana cusa ƙarin bugu ne a tsakani.

Ba don burgewa kawai Cowell ya so ta ba. Yana da hujjar da yake son kunne ya tabbatar: bugu da amo abu ɗaya ne, gudu ne kawai ya raba su. Kamar injin babur ne, yana tsaye kana jin tut-tut ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, da an murɗa masa wuta sai ya koma gunji guda. Da zarar bugu ya kai kusan 20 a daƙiƙa, kunne ya daina ƙirgawa, sai ya ji murya. Saboda haka uku a kan biyu, in aka hanzarta shi, amo biyu ne masu daɗin haɗuwa. A ganina wannan ya fi na'urar kanta ban mamaki.

Ita dai ba ta yi kasuwa ba, kaɗan aka ƙera. Kiɗan da Cowell ya tsara mata, Rhythmicana, sai a 1971 aka buga shi, bayan rasuwarsa, da taimakon kwamfuta.

Yau ɗalibin da ya fara koyon rubuta manhaja zai iya farfaɗo da ita da 'yan layuka, har ya ga abin da ido. Ya zana da'ira, ya sa hannu mai zagayawa irin na agogo, ya jera ɗigo uku ja da huɗu shuɗi, kowane rukuni da tazara daidai. Duk ɗigon da hannun ya taɓa sai ya haska ya yi ƙara. Jajayen za su fitar da siffa mai kusurwa uku, shuɗɗan mai kusurwa huɗu, kuma a wuri ɗaya tak suke haɗuwa. Lissafin na firamare ne: ƙaramar lambar da duka biyun ke raba ta ba saura. Uku da huɗu na buƙatar gurbi 12, biyar da bakwai 35. In kuwa ana son duka kaɗe-kaɗe 16 na Rhythmicon su zauna daidai a jadawali ɗaya, sai an tanadi gurbi 720,720.