Girman kamshaf ba shi ne gudu ba

A wajen masu tseren miƙe a Amurka, inda motoci biyu ke tashi daga tsaye su cinye rubu'in mil, wato mita 402, akwai maganar da ta zauna a bakin mutane: sa babban kamshaf, mota za ta yi fiffike. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, domin motocin da ke lashe gasar NHRA, ƙungiyar da Wally Parks ya kafa a 1951, manyan kamshaf ne a cikinsu. Sai dai komai na jikin waɗancan motoci an gina shi ne don ya dace da kamshaf ɗin.

Aikin kamshaf shi ne buɗe bawul da rufe shi. In an ce babba, ana nufin yana ɗaga bawul sosai, yana kuma daɗewa bai rufe ba. Jinkirin yana da amfani idan inji na juyi 6,000 ko 7,000 a minti, saboda iskar da ta taho a guje tana ci gaba da cika silinda. A ƙaramin juyi kuwa, fistan zai fara hawa bawul ɗin shiga yana buɗe, sai ya kora wani kaso na mai da iska baya. Matsi ya ragu, ƙarfin fizga ya tafi. Gurnanin da irin wannan inji ke yi a silo, wanda ke sa 'yan kallo waiwaye, inji ne ke numfashi da kyar.

Ɗauki Chevrolet 350 irin na shekarun 1970, mai matsi 8.5, da giyar aksil ɗin baya 3.08, da kombatar giyar otomatik ta kamfani da ke kamawa ƙasa da juyi 2,000. Ka sa masa kamshaf da ba ya farkawa sai a 3,500. Koriyar fitila za ta kunnu, abokin karawa ya wuce, kai kana jiran inji ya tashi daga barci. Ƙafa 60 na farko su ne suka fi yanke hukunci a wannan tsere, kuma abin da aka rasa a nan da wuya a fanshe shi a gaba. Abin da ya fi ba ni takaici, tsohon sifirin ɗin bawul ba ya iya riƙe shi a babban juyi, har bawul ya kai ga dukan fistan, kuɗin mutum ya ƙone.

Da motata ce, da giyar 3.73 ko 4.10 zan fara, da kombata mai kamawa a sama, da taya mai riƙe kwalta. Sai na san iyakar iskar da kan silinda ke iya wucarwa kafin in zaɓi kamshaf, tare da sifirin ɗin da aka yi dominsa.