Macijin gida a bakin kogin Shari

Njamena gari ne na bakin ruwa. A nan kogin Logon yake haɗuwa da Shari, ga Kusuri ta Kamaru a tsallake. Duk inda akwai ruwa da kwaɗi da ɓeraye, maciji ba ya rasa wurin zama, shi ya sa masu lambun bakin kogi, Hausawa da maƙwabtansu, suka saba da shi tun suna yara.

Mai lambu ba ya ɗaga fartanya don ya ga damatsiri. Ɗan kore ne siriri, yakan lafe a reshen gwaiba ko lemo, da ka matso ya sulale. Tsadaraki ma gudu ne nasa, yana bin ƙadangaru a tsakanin kunyoyin salak da yakuwa. Dattijo zai ce wa yaro, "Kai, ƙyale shi, ba ruwansa da kai." Macijin da ya zauna kusa da rumbu kuwa aiki yake wa mai gida, don ɓera ba ya sakewa inda yake.

A cikin gida al'adar ta fi zurfi. Idan dare ya yi, tsofaffi ba sa kiran sunan maciji, sai su ce igiyar ƙasa. Wasu na ganin macijin da ya daɗe a gida yana iya zama aljani, kuma malamai sukan kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim kan macizan gidajen Madina, inda aka yi umarni a gargaɗe su kafin a kashe. Saboda haka za ka ga uwar gida ta janye yara, ta buɗe ƙofa, ta bar masa hanya. Ni wannan natsuwar tana burge ni, domin sau da yawa garin kai duka ake samun sara.

Amma haƙurin yana da iyaka. Kububuwa da kasa da gamsheƙa ba a yi musu kara. Lokacin ambaliya, irin ta 2022 da ta mamaye unguwar Waliya, ruwa yakan koro mai dafi da marar dafi zuwa tudu ɗaya da mutane. A irin wannan lokaci ake share ciyawar bayan ɗaki, a ɗage itacen girki daga jikin bango, a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, kuma ba mai fita bayan magariba ba tocila a hannu.