Akwatin Zaɓi A Fom Ɗin Kwamfuta: Yadda Sunan Jiga Makera Ke Fitowa Ko Ya Ɓace

Daga Wakilinmu

Duk ɗalibin da ya taɓa neman gurbin karatu ta intanet, ko ma'aikacin da aka sa shi shigar da sunayen jama'a a kwamfutar ofis, ya san waɗannan ƙananan akwatuna da ake dannawa sai jerin sunaye ya zubo. Idan mutum ya zaɓi Jihar Kebbi a akwatin farko, na biyu ba zai nuna masa dukan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan ba, sai 21 na Kebbi kaɗai. In kuma ya zaɓi Aliero, sai akwati na uku ya kawo mazaɓunta goma, cikinsu har da Jiga Birni, da Jiga Makera, da Sabiyal, da Danwarai. Watau kowane akwati yana jiran abin da aka zaɓa a na gaba da shi.

Yadda abin ke aiki

Asirin wannan tsari yana cikin rumbun bayanai. A can ne ake rubuta kowace mazaɓa tare da lambar ƙaramar hukumarta, kowace ƙaramar hukuma kuma tare da lambar jiharta, kamar yadda ake rubuta sunan yaro tare da na mahaifinsa. Da zarar mai cike fom ya danna Aliero, sai kwamfutarsa ta aika da lambar zuwa babbar kwamfutar hukuma, ita kuwa ta tsamo duk mazaɓun da ke ƙarƙashin wannan lamba ta maido masa.

Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ta daɗe da wannan tsari na hawa huɗu: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfar zaɓe. A lissafinta Kebbi ce jiha ta 21. Tun shekarar 2021, lokacin da ta ƙara rumfunan zaɓe suka kai 176,846 a mazaɓu 8,809, ba mai iya lalubo rumfarsa a cikin jeri guda. A shekarar ce kuma ta fara bai wa jama'a damar soma rajista ta intanet.

Dalilin dogara da lamba maimakon suna a fili yake. Akwai ƙaramar hukumar Nasarawa a Jihar Kano, akwai wata a Jihar Nasarawa. Akwai Bassa a Filato, akwai a Kogi. Ita kanta Aliero wasu takardun hukuma suna rubuta ta Aleiro. Ga kuma Jiga da Jega, harafi guda ne tsakaninsu, alhali kuwa ɗaya mazaɓa ce, ɗayan kuma ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce tsohon jeri. An cire Kebbi daga Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta, 1991, Aliero kuwa ta sami ƙaramar hukumarta a 1996. Duk wanda aka haifa a yankin kafin waɗannan shekaru yana iya samun takardarsa na faɗin wani abu, akwatin kwamfuta na faɗin wani. In ba a tanadi hanyar daidaita su ba, ma'aikacin da ya yi shekara talatin yana aiki sai ya tsinci kansa yana zarya kan takardun fansho.

Ta biyu ita ce sauya zaɓi. A ce akawu ya zaɓi Aliero da Jiga Makera, sa'an nan ya koma ya mai da ƙaramar hukumar Maiyama. Fom ɗin da aka gina da kyau zai goge akwati na uku nan take. Wanda aka gina da sakaci kuwa zai bar shi, sai a wayi gari an rubuta Jiga Makera a ƙarƙashin Maiyama. Shi ya sa masana ke cewa lalle babbar kwamfuta ta sake bincika ko zaɓin ya dace kafin ta adana shi.

Ta uku ita ce rashin ƙarfin intanet a karkara. Sau da yawa akwati na uku yakan tsaya fayau, mai shagon kwamfuta ya gaji da jira, ya danna duk abin da ya fara fitowa. Ɗalibi ba zai farga ba sai ranar tantancewa, sa'ad da fom ɗinsa ya saɓa wa takardar shaidar ƙaramar hukumarsa.

Abin da ya kamata a yi

Ya wajaba ma'aikatun gwamnati su yi amfani da jeri guda ingantacce, su kuma naɗa jami'in da zai riƙa sabunta shi, domin ƙauyen da babu sunansa a akwati ba zai shiga lissafin rabon taki, ko tallafin karatu, ko ɗaukar ma'aikata ba. Su kuma ɗalibai, kada su bar wa mai shago komai. A karanta akwatunan uku ɗaya bayan ɗaya kafin a aika, a kuma buga kwafi a adana. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.