Mesar likita ba ta kashe doki, ɗurar gida ce ke kashewa

Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp tsakanin Hausawa masu karo, wato keken doki, a Omdurman da unguwar Mayo ta kudancin Khartoum. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya cika baki da fatawa huɗu a kan doki, mutane kuma suna ta turawa kamar sun samu tsarabar Makka.

Mu sallami ƙananan tukuna. Wai ɗibar jini don gwaji na raunana doki: dokin karo mai kilo 300 yana ɗauke da jini sama da lita 20, abin da ake ɗiba kuwa bai wuce cokali biyu ba. Wai kada a shayar da dokin da ya yi gumi: a garin da zafi ke haura digiri 40, ƙishirwa ce ma ke busar da abincin da ke hanji har ciki ya kulle. A inda ya ce leda na toshe hanjin dabbar da ke kiwo a bola, ya yi gaskiya.

Fatawa ta huɗu ita ce mai kisa. Ya ce in doki ya kama ciwon ciki, yana kartar ƙasa, yana waiwayen kwiɓinsa, yana birgima, kada a bar likita ya zura masa mesa ta hanci. A ɗaga kansa sama, a ɗura masa man girki ta hancin da kwalba.

Doki ba ya iya amai. Naman da ke bakin tumbinsa yana damƙewa tam, tumbin kuma ƙarami ne, bai fi cin lita 15 ba. Idan hanji ya toshe, ruwa da iska suka taru, tumbin na iya fashewa, kuma daga nan babu magani. Wannan mesa ita ce ƙofar da ake buɗe masa. Likita na tura ta a hankali har dokin ya haɗiye, ya duba gefen hagu na wuya ya tabbatar hanyar abinci ta bi, sannan ya fara zuƙo abin da ya taru. Sai ya ga tumbi bai cika ba yake ba da ruwa ko man magani ta cikinta. Kafin haka ya ƙirga bugun zuciya, wanda a lafiyayyen doki yake tsakanin 28 da 44 a minti, in ya wuce 60 akwai haɗari. Ya duba launin dasashi, ya saurari kukan ciki, wani lokaci ya sa doguwar safar hannu ya laluba hanji ta dubura.

Mai kwalba ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dokin da aka ɗaga wa kai ba ya haɗiya daidai, man sai ya gangara huhu. Ciwon cikin na iya lafawa da kansa, bayan kwanaki kuma zazzaɓi da tari su taso, numfashi ya gagara.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda da saƙon ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, man fetur ya yi wuya, karo ya zama motar ruwa da ta marasa lafiya, doki ɗaya ke ciyar da gida guda. Kuma mesa kan fasa hanci a ga jini, abin da ke tayar da hankali ko da yake yakan tsaya da kansa. Sau da yawa sai an gama gwada maganin gida ake neman likita, dokin ya mutu a hannunsa, laifi ya koma kan mesa. Haushina na kan wanda ya naɗi muryar, wanda ba zai biya kowa kuɗin doki ba.

Ba a ce mesa na warkar da kowane ciwon ciki ba. In hanji ya murɗe, sai tiyata, ita ma ba kullum take ceto ba. Amma tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Khartoum da ke Shambat, wadda asalinta ya koma 1938, ta yaye likitoci masu yawa. Ka nemi lambar wayar ɗaya daga cikinsu tun dokinka na lafiya. Ranar da ciwo ya zo, ka janye dusa da ciyawar barsim daga gabansa, ka ɗan zagaya da shi in yana iyawa, ka kira likita a sa'ar farko. Saƙon nan kuwa, kada ya wuce wayarka.