Yadda ake mai da tokar mamaci dutsen zobe a Turai

Wannan batu ba ƙanzon kurege ba ne. A ƙasar Suwis akwai wani kamfani, Algordanza, wanda tun 2004 yake karɓar tokar gawar da aka ƙona, ya mai da ita lu'ulu'u, dangi su ɗora a zobe ko sarƙa.

To, ta yaya? Lu'ulu'u da gawayin da muke dafa shayi da shi asalinsu guda ne, sinadarin da ake kira kabon. Babban mutum in an ƙona shi yakan bar toka kilo 2 zuwa 3, kamfanin kuwa rabin kilo ya ishe shi. A tace tokar, a ware ɗan kabon da wuta ta rage, a sa shi cikin injin da ke matse shi da zafin da ya haura digiri 1,000, kamar yadda ake yi can ƙarƙashin ƙasa. Bayan makonni dutse ya fito, sau da yawa shuɗi-shuɗi, saboda sinadarin boron da ke jikin mamacin.

Mu da muka saba kai mamaci makwancinsa ran da ya cika, abin da nauyi a kunne. Amma ko Turai ba kowa ya yarda ba. A Faransa, inda ƴan'uwanmu da dama suke zaune, dokar Disamba 2008 ta ba toka mutuncin gawa, ta hana a rarraba ta ko a ajiye ta a gida.